Muhawara: Kiɗan Bugalu na New York, Mutuwa Ya Yi ko Kashe Shi Aka Yi?

Mai Garmaho:

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya na zauna ina kakkaɓe ƙura daga faya-fayan garmahon da na gada a wurin wan mahaifina, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa shekaru masu yawa kuma yake sayen faifai a duk garin da aiki ya kai shi, sai na ci karo da wani faifan Joe Bataan mai suna Riot! wanda kamfanin Fania ya fitar a 1968. Tun ranar da na ɗora shi kunnena bai karɓi wani kiɗa ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo maganar gabanku.

Ga waɗanda ba su san shi ba, wannan kiɗa ne da masu shi suke kira bugalu, wasu kuma su ce Latin soul. An haife shi a birnin New York a tsakiyar shekarun 1960, a unguwar Harlem ta Gabas wadda mazaunanta ke kira El Barrio, da kuma kudancin Bronx. Masu yin sa yawancinsu 'ya'yan mutanen Puerto Rico ne da iyayensu suka yi ƙaura zuwa birnin bayan yaƙin duniya na biyu, kasancewar tun 1917 doka ta ba mutanen tsibirin izinin zama 'yan ƙasar Amurka. Yaran nan sun tashi suna jin mambo da cha-cha-cha, wato kaɗe-kaɗen rawa na Kyuba, a ɗakin iyayensu da harshen Sifaniyanci, idan kuma suka sauko titi sai su tarar da maƙwabtansu baƙaƙen fata suna jin James Brown da mawaƙan kamfanin Motown da Turanci. Gini ɗaya suke haya, matakala ɗaya suke hawa, makaranta ɗaya suke zuwa. Da suka ɗauki kayan kiɗa, abin da ya fito daga hannunsu shi ne gangunan Kyuba a ƙasa, ƙahonin tagulla a sama, tafi a tsakiya, sannan muryoyi uku ko huɗu a jere suna rera baiti ɗaya da Turanci wani kuma da Sifaniyanci.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gajartar ransa. Tsakanin 1966 da 1968 babu gidan rawa a unguwannin nan da ba a kaɗa shi, amma kafin 1970 ya ɓace daga rediyo kamar an ɗauke ruwan sama. Ni a ganina kiɗan da ya yi irin wannan ƙarfi ba ya mutuwa da kansa cikin shekara uku, sai dai idan wasu ne suka sa masa hannu. Ina son jin ra'ayin masana a cikinmu, musamman Malam da Kawu.

Autar Zaure:

Wa alaikumus salam Baba. Ina neman afuwa idan tambayata ta nuna ƙuruciya, amma shin wannan kiɗa yana da alaƙa da waƙar Cardi B ta 2018 wadda ta yi tare da Bad Bunny da J Balvin? Na taɓa jin an ce busar ƙaho da fiyanon da ke farkonta daga wata tsohuwar waƙa aka ɗauko su, kuma da na karanta bayaninka sai zuciyata ta ba ni cewa daga irin wannan kiɗan ne.

Mai Garmaho:

Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya, 'yata. Waƙar da aka ɗauko ita ce I Like It Like That ta Pete Rodríguez, wadda ta fito a 1967 a ƙarƙashin kamfanin Alegre, kuma Tony Pabón, mabushin ƙahon ƙungiyar, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Ta Cardi B ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka na mujallar Billboard bayan shekara 51 da fitowar ta asalin, ita kuwa Cardi B ɗin haifaffiyar New York ce da ta tashi a Bronx, wato ƙasar da kiɗan ya tsira. Ki nemi ta asalin ki saurara da kyau, za ki ji hayaniyar mutane da tafi da shewa a bayan mawaƙin, domin da gangan suke naɗar waƙoƙin nan yadda mai sauraro zai ji kamar yana tsakiyar gidan biki.

Malamin Kiɗa:

Ranka ya daɗe Mai Garmaho, na gode da ka ambace ni, amma ina jin ba za ka ji daɗin amsata ba. Na yi shekaru ina koyar da ɗalibai tsarin kiɗan Kyuba, kuma hukuncina a kan bugalu shi ne kiɗa ne na samari da ba su gama koyo ba, wanda kasuwa ta ɗaga shi na ɗan lokaci sannan ta sauke shi.

Ga hujjata. Ƙashin bayan kiɗan Kyuba shi ne abin da suke kira kilabe, wato bugu biyar da ake yi da sanduna biyu a kowane zagaye, ko dai uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Duk wanda ke kan dandamali, daga mai ganga har mai fiyano har mawaƙi, dole ne ya san inda kilabe take ya kuma bi ta, wanda ya saɓa mata kuwa manya suna ganewa nan take. Wannan tsari ne mai zurfi da aka gina tsawon ƙarnuka. Tito Puente da Machito da Tito Rodríguez, waɗanda suka cika gidan rawa na Palladium a shekarun 1950, suna tafe da manyan ƙungiyoyi masu rubutaccen tsari, inda jerin masu busa ke amsa wa juna cikin lissafi. Samarin bugalu kuwa suka zo da sautuka biyu ko uku a kan fiyano suna ta maimaitawa, suka rage gudun kiɗan, suka ɗora tafi a kai, suka cika sauran wurin da ihu. Mutum zai iya koyon wannan a cikin watanni, alhali mambo na buƙatar shekaru.

Sannan a duba yanayin da ya ba su dama. Juyin juya halin Kyuba ya faru a 1959, Amurka ta ƙaƙaba takunkumi a farkon shekarun 1960, sai hanyar da sababbin kiɗa da makaɗa ke bi daga Habana zuwa New York ta toshe. Palladium ma ya rufe a 1966. Fili ya zama babu kowa, samari suka shiga. Da manya suka sake shiri, suka dawo da kiɗan a kan tushensa da sunan salsa, sai abin da ba shi da saiwa ya bushe. Ban ga inda ake buƙatar neman makashi, wato wanda ya kashe kiɗan, a nan ba.

Kawu Mai Bigila:

Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban yi karatun kiɗa a aji ba, amma na yi shekara ashirin da bakwai ina busa a cikin 'yan badujala kafin in yi ritaya, kuma a kan maganar sauƙi ina da ja.

Sauƙin da ka gani a takarda ne. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kiɗan soul na baƙaƙen Amurka yana dira ne a kan biyu da huɗu, nan ake tafi, nan ƙaramar ganga ke faɗuwa. Kilabe kuwa ba ta dira daidai a waɗannan wurare a ko da yaushe, tana ratsawa ne ta tsakaninsu. To, ka sa mutum tara a ɗaki ɗaya, wasu suna riƙe da kilabe, wasu suna tafi a kan biyu da huɗu, mai gangar konga yana nasa, mai gangar timbal yana buga ƙararrawar ƙarfe irin kugenmu, ga mai kankare duma, ga mai girgiza caki, kuma a ce kada wani ya ture wani. Na gwada wannan da yaran da nake koyarwa a unguwa, sai da muka yi mako uku kafin tafin ya daina jan mai ganga zuwa gefensa. Rage gudun da ka ɗauka rauni ne, shi ne ya fi wuya, domin a kiɗa mai sauri kuskure yana ɓuya, a mai nauyi kuwa kowa yana jin sa.

Game da ƙahoni, nan ne zuciyata take. Manyan ƙungiyoyin mambo suna da kakkarfan jeri na turampet da saksofon. Samarin nan ba su da kuɗin biyan mutum goma sha biyar, saboda haka da yawansu suka tsaya a kan turombon biyu, wato dogon ƙahon nan da ake zugewa ana maidowa. Eddie Palmieri ne ya nuna wa New York ƙarfin wannan hanya da ƙungiyarsa La Perfecta tun farkon shekarun 1960, tare da mabushi Barry Rogers. Johnny Colón ya bi ta a Boogaloo Blues a 1967, Willie Colón ma ya bi ta a faifansa na farko, El Malo, a wannan shekarar, yana ɗan shekara 17. Turombon yana da murya mai kauri da kaushi kamar ta namiji da ya wuni yana magana, kuma idan biyu suka busa tare ba su cika daidaita ɗari bisa ɗari ba, sai wani gurnani ya fito a tsakaninsu. Ni ban ɗauki wannan gurnanin aibi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kakaki a ƙofar fada ya san cewa kwarjinin busa yana cikin kaushinta.

Sai dai in ƙara da cewa kada a ɗauka ƙaho sharaɗi ne. Ƙungiyar Joe Cuba, wadda ta yi Bang Bang a 1966, mutum shida ne kuma babu mai busa ko ɗaya a cikinsu. Wurin ƙaho suka ba wa bibrafon, jerin ƙarafan nan da ake bugawa da sanduna masu taushin kai.

Maman Asma'u, daga Bronx:

Sallama ga iyayena da yayyena. Ni ba masaniyar kiɗa ba ce, amma shekarata goma sha tara a Bronx, cikin 'yan uwanmu Hausawa da suka zo daga zangunan Ghana da kuma Nijar da Najeriya, kuma maƙwabtanmu na bene ɗaya mutanen Puerto Rico ne da na Jamhuriyar Dominika. Ina so in shaida wa Malam cewa abin da ya ce ya bushe, a nan yana nan ɗanye. Idan zafi ya shigo aka rufe titi don bikin unguwa, tsofaffi masu shekara saba'in da ɗoriya suna zaune a kan kujerun roba har sai an sa irin waɗannan waƙoƙi, sai ka ga sun miƙe tare da jikokinsu.

Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda aka haifa a El Barrio, ta taɓa yi mini bayanin da ban manta ba. Ta ce a lokacin ƙuruciyarta Sifaniyancinta bai kai na iyayenta ba, dangi na tsibiri suna yi mata dariya idan ta yi magana, Turawa kuma ba su ɗauke ta cikakkiyar Ba'amurkiya ba. Da ta ji mawaƙi ya fara baiti da Turanci ya ƙarasa da Sifaniyanci, ta ce ranar ce ta fara jin an yi waƙa da irin bakin da take magana da shi a gida. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, domin haka 'ya'yana suke a yau, suna fara zance da Hausa su ƙarasa da Turanci, idan mun je gida hutu a ce musu baƙi.

Kuma ina roƙon a yi magana a kan muryoyi, domin har yanzu ganguna da ƙahoni kawai aka tattauna. Ni abin da ya fi kama ni a waƙoƙin Joe Bataan masu sanyi shi ne yadda 'yan amshinsa ke shimfiɗa masa murya a baya.

Mai Garmaho:

Hajiya, kin taɓo inda ya kamata. Wannan shimfiɗar murya gadon wani salo ne da ake kira du-wap, wanda samari ke yi a bakin titi da cikin matakalar gidajen haya a shekarun 1950 ba tare da kayan kiɗa ba, ɗaya ya ɗauki murya ta ƙasa, biyu su riƙe tsakiya, ɗaya ya haura sama, jagora kuma ya bi ta kansu. Tun a nan aka fara cuɗanya, domin ƙungiyar Frankie Lymon and the Teenagers, wadda ta yi suna a 1956, biyu daga cikin mutum biyar ɗinta 'yan asalin Puerto Rico ne, Herman Santiago da Joe Negroni. Shi kansa Bataan, wanda aka haifa a 1942 a Harlem ta Gabas, mahaifinsa ɗan Filifin ne, mahaifiyarsa baƙar fata ce Ba'amurkiya, ba shi da jinin Puerto Rico ko kaɗan, unguwa ce ta rene shi. Ya yi zaman gidan yari yana matashi, ya fito ya haɗa ƙungiya da yara ƙanana, kuma waƙar da ta fara fito da shi a 1967, Gypsy Woman, asalinta ta Curtis Mayfield ce, shi kuma ya ɗora ta a kan gangunan Kyuba.

Saboda haka amshi iri biyu ne ke haɗuwa a kiɗan nan. Akwai koro na Kyuba, inda jagora ke jefa magana 'yan amshi su mayar da gajeren baiti ɗaya a kai a kai, akwai kuma na du-wap, inda muryoyi ke hawa kan juna bene-bene.

Ɗan Damagaram:

Ina gaida kowa. Da na karanta bayanin koro sai na ce ai wannan amshinmu ne, yadda makaɗan fada da na noma ke yi, jagora ya faɗa yara su karɓa. Kuma mu a ƙasashen da Faransa ta mallaka mun tashi da kiɗan Kyuba a kunne, domin ƙungiyoyi irin su Orchestra Baobab ta Dakar da Bembeya Jazz ta Gini da mawaƙan Kwango duk sun sha daga wannan rijiya. Boncana Maïga na Mali har Kyuba ya je ya yi karatun kiɗa, daga baya kuma shi da Ibrahima Sylla suka kafa Africando a farkon shekarun 1990, inda mawaƙan Senegal suka rera a kan kiɗan makaɗan New York. A 1974 ƙungiyar Fania All-Stars, wato taron taurarin kamfanin Fania, ta zo Kinshasa tare da mawaƙiyar Kyuba Celia Cruz a bikin kiɗan da aka shirya saboda damben Muhammad Ali da George Foreman, Manu Dibango na Kamaru ma ya hau dandamali da su a 1973. Shin ba za mu iya cewa kayanmu ne aka tafi da shi ya dawo ba, har da na Hausa a ciki?

Malamin Kiɗa:

Ɗan uwa, rabin maganarka na karɓa. Tushen Afirka a kiɗan Kyuba ba abin musu ba ne, kuma an san hanyoyinsa: gangunan bata da waƙoƙin Lukumi daga ƙasar Yarabawa suke, ƙungiyar asiri ta Abakuwa da ke Kyuba tushenta daga yankin Kalaba da Kuros Riba yake, wani babban kaso kuma daga Kwango. Waɗannan ana iya nuna su da yatsa, har kalmomin harsunan suna nan a bakin mutane. Amma amshi tsakanin jagora da mabiya abu ne da ya game kusan duk Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, don haka kamanninsa da namu bai isa hujjar cewa daga wurinmu ya tafi ba. Akwai ma bambanci da ya kamata ka lura da shi. 'Yan amshinmu a mafi yawan lokaci murya ɗaya suke ɗauka gaba ɗayansu, kari ɗaya, tsayi ɗaya. Hawan muryoyi bene-bene da Mai Garmaho ya siffanta ya biyo ta majami'un baƙaƙen Amurka ne. Mu so kiɗan don abin da yake, ba sai mun ce namu ne ba.

Kawu kuma na karɓi gyaranka a kan wahalar haɗa tafi da kilabe, domin wanda ya busa ya fi wanda ya karanta sanin nauyin ƙaho. Amma har yanzu ba a nuna mini makashin ba.

Mai Garmaho:

To Malam, ga abin da nake da shi. Da yawa daga cikin makaɗan bugalu da suka yi tsawon rai sun sha faɗa a hirarraki cewa da farko masu shirya wasanni sun so su ne saboda arha, ana kai ƙungiya ɗaya gidajen rawa da yawa a dare ɗaya a biya ta kuɗi kaɗan, alhali sunanta ne ke cika wurin. Tsofaffin shugabannin ƙungiyoyi suka ga yara suna karɓe musu aiki. Da samarin suka fara neman a ƙara musu kuɗi a kuma sa sunansu a saman takardar talla, sai, a faɗarsu, manyan makaɗa da dillalan wasanni da masu rediyo suka haɗa kai aka daina kiransu aka daina sa faya-fayansu. Wannan shaidar waɗanda abin ya shafa ce, na yarda, kuma mai ƙorafi yakan ga abu ta gefensa. Amma a kasuwar da mutane ƙalilan ne ke riƙe da gidajen rawa da 'yan shirye-shiryen rediyon da ke sa kiɗan Latin, ba a buƙatar taron mutum ɗari kafin a rufe wa wani ƙofa.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne manyan da suka raina kiɗan sun yi shi da hannunsu lokacin da yake ci. Eddie Palmieri ya sa bugalu a faifansa Champagne na 1968. El Gran Combo ta Puerto Rico ta yi faifai sukutum na bugalu a 1967. Ray Barretto, wanda babu mai shakkar ƙwarewarsa a kan konga, ya fitar da Acid a 1968, kuma tun 1963 waƙarsa El Watusi ta shiga cikin ashirin na farko a jadawalin Amurka, a shekarar da Mongo Santamaría ya kai Watermelon Man ta Herbie Hancock cikin goma na farko. La Lupe, wadda aka haifa a Santiago ta Kyuba, faifanta na 1968 sunansa Queen of Latin Soul. Idan ƙwararru irin waɗannan sun sami abin faɗa a cikin salon, to ba a ce masa wasan yara ba.

Malamin Kiɗa:

Ranka ya daɗe, na sassauta a kan darajar kiɗan, amma a kan sanadin mutuwarsa ina nan a inda nake, kuma zan ƙara wani dalili da ba na kuɗi ba. Ƙarshen shekarun 1960 lokaci ne da matasan Puerto Rico a New York suka farka da neman asalinsu. Ƙungiyar Young Lords ta bayyana a Harlem ta Gabas a 1969 tana fafutukar kwashe shara da kiwon lafiya da mutuncin al'umma, kamar yadda baƙaƙen fata ke nasu yunƙurin a gefe. A irin wannan yanayi rera waƙa da Sifaniyanci tsantsa ya zama abin alfahari, yaron da jiya yake jin kunyar harshen iyayensa yau shi yake nema. Kamfanin Fania, wanda Johnny Pacheco da lauya Jerry Masucci suka kafa a 1964, ya fahimci wannan, ya kuma fahimci cewa waƙar Sifaniyanci za ta sayu a Puerto Rico da Banizuwela da Kolombiya da Panama, inda waƙar Turanci ba za ta je ba. Wasan da Fania All-Stars ta yi a gidan rawa na Cheetah a 1971 da na filin Yankee a 1973 sun nuna girman kasuwar da aka buɗe.

Ka kuma dubi Willie Colón. Da bugalu ya fara, babu wanda ya kore shi, shi da mawaƙi Héctor Lavoe suka wuce gaba suka zama ginshiƙan salsa, kuma turombon ɗin da Kawu ke yabo ya tafi da shi can. Richie Ray da Bobby Cruz ma haka. Wasu an rufe musu ƙofa, ban musa ba, amma da yawa da ƙafarsu suka fita.

Maman Asma'u, daga Bronx:

Malam, wannan bayani ya yi daidai da wani abu da dattijuwar nan ta faɗa mini, cewa ita kanta a shekarun 1970 ta koma sauraron salsa har ta gyara Sifaniyancinta ta hanyar waƙoƙin. Amma ta ce maƙwabtanta baƙaƙen fata da suke zuwa rawa tare a zamanin bugalu sun ragu a gidajen rawar bayan haka, domin ba su jin abin da ake faɗa. Wannan rashin ne ya fi damunta idan tana ba da labarin, fiye da batun wanda ya ci kuɗin wani.

Autar Zaure:

Iyayena, na saurari waƙoƙin da kuka ambata a YouTube a daren jiya, sai na tarar da sababbin ƙungiyoyi da ke yin kiɗan a yau kamar a 1967 aka naɗe shi, irin su Boogaloo Assassins ta Los Angeles da Spanglish Fly ta New York. Har shigarsu da zanen bangon faifansu na da ne. Abin da nake tambaya shi ne, wanda bai rayu a wancan zamani ba kuma bai sha wahalar unguwannin ba, idan ya kwaikwayi sautin har da ƙarar tsohuwar na'ura, gaskiya yake yi ko ado?

Kawu Mai Bigila:

'Yata, tambayarki ta manya ce. Ni abin da nake dubawa ɗaya ne: shin mutanen suna ɗaki ɗaya lokacin da aka naɗa? Tsofaffin faya-fayan nan an yi su ne cikin gaggawa da kuɗi kaɗan, kowa yana tsaye kusa da ɗan uwansa, sautin ƙaho yana shiga makirufon mawaƙi, na ganga yana shiga na fiyano, idan ɗaya ya yi kuskure kowa ya sake daga farko. Daga nan ɗumin da kike ji yake fitowa. Wanda ya zauna shi kaɗai gaban kwamfuta ya jera sautuka ya zuba musu ƙarar tsohon faifai, ya yi ado. Waɗanda suka tara mutum goma suka yi wata da watanni suna atisaye har numfashin masu busa ya zama ɗaya, sun yi aikin da na farko suka yi, ko da a wace shekara aka haife su.

Kuma kiɗan bai taɓa rasa masu riƙonsa ba. A birnin Kali na Kolombiya masu sa faifai sun saba ɗora faifan da aka yi don juyi 33 a minti a kan juyi 45 domin ya ƙara sauri ya dace da saurin ƙafar masu rawarsu, da haka bugalu ya zauna a can bayan New York ta sake shi. A Ingila masu gidajen rawa sun tono faya-fayan Pucho and His Latin Soul Brothers a shekarun 1980 da 1990 har mai ƙungiyar ya dawo dandamali. Johnny Colón ya buɗe makarantar kiɗa a Harlem ta Gabas ya koyar da yaran unguwa shekaru da yawa. Joe Bataan, wanda faifansa Salsoul na 1973 ya ba wani kamfani suna, ya daɗe ba ya waƙa yana aiki da matasan da ke tsare, sannan ya dawo da sabon faifai a 2005 ta hannun kamfanin Vampisoul na Sifaniya.

Mai Garmaho:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, ni da kai ba mu daidaita a kan makashin ba, kuma ina nan a kan cewa da an bar samarin nan sun sami shekara biyar a rediyo da mun ji inda za su kai haɗin muryoyin nan, wanda shi ne kason da salsa ba ta ɗauka ba. Kawu, faifan Riot! yana da tsaga a waƙa ta biyu ta gefen farko, allura tana tsalle a wurin, amma sauran lafiya lau yake. Idan Allah ya kai mu Asabar zan kawo maka shi tare da garmahon, domin yaranka masu koyon busa su ji turombon ɗin daga faifai, ka kuma ƙirga mini kilabe a kai in ga ko zan iya riƙe tafin.